Yadda za ka zaɓi injin Blu-ray ka haɗa shi a gida ba tare da ka yi asara ba

Jama'a assalamu alaikum. Tambayar nan ta injin Blu-ray, wato injin kallon faifai mai tsabtar hoto fiye da DVD, ta yi yawa, kusan duk gidan da na je haɗa talabijin ko sifiku a nan Zariya sai an jefo min ita. Wani ya ga na hannu a Sabon Gari da araha yana tambaya ya ɗauka ko kar ya ɗauka, wani ɗan uwansa zai dawo daga Umara yana so ya ba da saƙo amma bai san me zai ce a sayo ba, wani kuma ya riga ya saya ya kawo gida abu ya ƙi yi. To ga yadda nake bin aikin daki-daki. Don Allah ka bi jerin yadda yake kar ka yi tsalle zuwa sayen inji, yawancin asarar da nake gani daga nan take farawa, mutum ya fara da inji alhali akwai abu biyu da suka riga shi.

1. Fara da bayan talabijin ɗinka

Juya shi ka nemi ramin HDMI, wato ramin wayar nan da ke ɗaukar hoto da sauti tare. In babu, ka dakata a nan. Injinan Blu-ray da aka ƙera daga 2014 zuwa yau ba sa zuwa da ramin hoto na tsohuwar wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, HDMI ne kawai. Akwai ɗan akwatin da ke juya HDMI ya koma tsohuwar waya, amma hoton zai dawo irin na DVD ko ma ƙasa da haka, ka ga kuɗin tsabtar hoton da ka biya ya tafi a banza.

In akwai HDMI, sai ka karanta lambar talabijin ɗin a takardar da ke manne a baya, ka sa ta a Google ka ga ainihin ƙarfin gilashinsa. Uku ne za ka tarar: 1366x768, wanda shi ne yawancin masu inci 32, sai 1920x1080 da ake ce wa Full HD, sai 3840x2160 wato 4K. Mai inci 32 ba ruwansa da injin 4K sam. Mai Full HD injin Blu-ray na talaka ya ishe shi ya yi masa kyau sosai. Wanda zai mori 4K shi ne mai talabijin 4K na gaske daga inci 50 ko 55 zuwa sama, kuma kujerarsa ba ta wuce kamar mita 2 daga gilashin ba. In falonka dogo ne kana can ƙarshe a zaune, idonka ba zai raba Full HD da 4K ba, sai dai hasken launi.

Hattara: kar ka yarda da rubutun 4K da ke jikin kwali, musamman talabijin marasa sanannen suna. Wasu suna karɓar hoton 4K ne su rage shi. Sannan tsofaffin talabijin na 4K ba duka ramukansu ke ɗaukar faifan 4K ba, sai wanda aka rubuta HDCP 2.2 a gefensa ko a littafin.

2. Ina za ka samu faifai

Wannan matakin ne mutane suka fi raina wa, kuma shi ya fi kayar da su. Ka sayi inji ba ka da hanyar faifai kamar ka ɗaure doki ne a gida ba harawa.

Abu na farko da nake so kowa ya gane, waɗannan kasakasan da ake zubawa a tebur ko a baro a bakin kasuwa, an buga Blu-ray ɓaro-ɓaro a takardar, fim 10 ko 20 a faifai ɗaya, ba Blu-ray ba ne, DVD ne aka yi wa ado. Yi lissafin da kanka. DVD mai hawa ɗaya 4.7GB yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5GB, ka raba 8.5GB gida 20 kowane fim bai kai rabin 1GB ba. Shi kuwa Blu-ray na gaske 25GB ne ko 50GB, kuma yawanci fim ɗaya tal ne a ciki, na 4K kuma yana kai 66GB har 100GB. Ko ka sa irin wancan kaset ɗin a injin da ya fi kowanne tsada a duniya, hoton da aka matse ba zai dawo ba. Gwaji mafi sauƙi: ka sa faifan a tsohon injin DVD na gida, in ya karanta to DVD ne, domin injin DVD ba ya iya karanta Blu-ray, hasken da suke karatu da shi ma daban ne, na DVD ja ne na Blu-ray shuɗi.

Na gaske yana zuwa a siririn gida na roba, shuɗi ga na Full HD, baƙi ga na 4K, a bayansa akwai harafin yanki da jerin harsuna da irin sautin da ke ciki.

Hanyoyin samu kuwa, mafi araha shi ne na hannu daga Ingila ta hannun wanda zai dawo gida, a can tsofaffin faifai sun yi arha sosai. Sai Dubai da Saudiyya, nasu ma wasu na zuwa da rubutun Larabci a ƙasa. Sai masu kayan Beljiyam, sau da yawa faifai na biyo kaya a kwali su kansu ba su damu da su ba, ka tambaya kawai. Sai Jiji da Facebook, da 'yan kasuwar Alaba a Legas. Ka tabbatar da hanya ɗaya ko biyu kafin ka ci gaba.

In kuma gaskiyar magana abin da ake kallo a gidanka fina-finan Hausa ne da wa'azi da bidiyon biki, waɗannan a VCD da DVD suka fito, sababbin kuma suna YouTube, to injin DVD mai ramin HDMI ya ishe ka, riƙe kuɗinka. Masu son na Indiya su kam akwai manyan fina-finai da yawa a Blu-ray, kuma a nan ne za ka ga bambanci a launin kaya da waƙa.

3. Wane irin inji

Iri uku ne a gabanka.

Na farko Blu-ray na Full HD, yana cin Blu-ray da DVD da CD na sauti. Misalinsa Sony BDP-S1700 da S3700, da LG BP250. Ga yawancin gidajenmu wannan nake ba da shawara, ga arha ga faifansa sun fi samuwa.

Na biyu Ultra HD Blu-ray wanda ya fito a 2016, yana cin duk na sama har da faifan 4K. Akwai Sony UBP-X700 da UBP-X800M2, akwai Panasonic DP-UB450 da babban yayansa DP-UB820. Sony da Panasonic su ne manyan da suka rage a wannan sana'a. Oppo ya daina tun 2018, Samsung da LG ma sun janye, don haka in ka ga nasu to na hannu ne ko tsohon ajiya, ba laifi ba ne amma ka san abin da kake saya. Kowane injin 4K yana da HDR10, wato ainihin tsarin HDR mai ƙara wa hoto haske da launi. Dolby Vision kuwa, wani nau'in HDR ɗin, ƙari ne, kuma in talabijin ɗinka Samsung ne kar ka ƙara ko sisi dominsa, Samsung ba ya ɗaukar Dolby Vision, nasa HDR10+ ne.

Na uku na'urar gem, wataƙila ma tana ɗakin yaranka yanzu haka. PS3 da PS4 suna cin Blu-ray na Full HD. PS4 Pro duk da sunansa ba ya cin faifan 4K. PS5 mai ramin faifai yana ci, haka Xbox One S da One X da Series X masu ramin faifai, shi Series S ba shi da rami kwata-kwata. PS4 sai ka haɗa shi da intanet sau ɗaya kafin ya fara buɗe fim, Xbox kuma sai ka sauke manhajar Blu-ray. Matsalarsu cin wuta, injin Blu-ray wat 10 zuwa 30 ne abinsa, gem ya ninka haka, in da sola ko inbata kake kallon dare za ka ji a batirinka.

Hattara: akwai injinan da aka rubuta 4K Upscaling a gabansu, kamar Sony BDP-S6700. Wannan ba ya cin faifan 4K, buɗa hoton Full HD kawai yake yi. Tambarin da za ka nema shi ne Ultra HD Blu-ray cikakke.

4. Karanta takardar baya kafin ka taya

A nan ake cutar mutane, wani lokacin ma mai shagon shi kansa bai sani ba. Abu uku za ka duba.

Wuta. Tamu 230V ce. In ka ga 220-240V ko 100-240V, lafiya lau. In ka ga 120V kaɗai, na Amurka ne, 100V kuma na Japan, kana soka shi a bango zai yi ƙara ya yi hayaƙi shi ke nan. Ƙananan Sony da yawa suna da caja a waje irin ta laftof, to a jikin cajar za ka karanta, ka kuma tabbatar tasa ce ta asali ba wata aka lalubo aka haɗa masa ba. Canza kan fulogi ba ya canza ƙarfin wuta, na sha jin mai shago yana cewa "ai adafta kawai za ka sa Alhaji", a'a, na 120V sai da taransifoma mai rage wuta, kuma rana ɗaya wani yaro ya cire ya soka kai tsaye an gama.

Yanki. An raba faifan Blu-ray gida uku. A na Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B na Turai da Afirka da ƙasashen Larabawa da Ostareliya, C na Sin da Rasha da Indiya. Mu B ne. Injin A ba zai buɗe faifan da aka kulle a B ba, haka ma akasin haka. Faifai da yawa a buɗe suke za ka ga ABC gaba ɗaya a bayansu, kuma faifan 4K ba shi da kulle na yanki, amma kar ka dogara da sa'a, ka daidaita injinka da inda faifanka za su riƙa fitowa. DVD kuma nasa rabon daban ne da lambobi, Amurka 1, Ingila da Gabas ta Tsakiya 2, mu da Indiya 5, sai dai DVD ɗin da ake bugawa a nan gida galibi ba a kulle suke ba.

Tsarin hoto. Namu PAL ne mai 50Hz. Injinan Amurka da yawa ba sa buɗe faifan PAL ko da ba a kulle shi ba, wato bidiyon aurenka da tsofaffin kasakasanka na Hausa za su iya ƙin yi.

In ka haɗa ukun nan amsar a fili take: nemi na Ingila, ko na Dubai, ko na Saudiyya. Wutarsu irin tamu, fuloginsu mai ƙafa uku irin namu, yankinsu B. In saƙo za ka ba alhaji ko hajiya, rubuta musu lambar injin a takarda ko ka tura hotonsa a WhatsApp, kar ka ce "injin kallo mai kyau" kawai. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Sin kuma su lura, na can C ne.

5. Gwaji a shago

Kar ka je hannu rabbana. Tafi da Blu-ray na gaske ko na aro ne, wanda ya fi kyau mai 50GB, da DVD ɗaya na gida, da VCD in kana da waɗanda kake ji da su, da filash mai fim a ciki. In na 4K za ka saya to dole faifan 4K. In mai shago ya ce ba wuta, ka ce a tada janareto ko ka dawo gobe, na hannu ba a sayensa da alkawarin baki.

Dalilin tafiya da faifai iri-iri shi ne idon da ke karanta DVD daban yake da na Blu-ray a cikin inji ɗaya. Sau da yawa na Blu-ray ya mutu na DVD yana aiki, mai shago ya sa maka DVD hoto ya fito tas ka biya ka tafi, sai a gida ka gane injin DVD ka saya da tsada.

Ga yadda za ka bi. Buɗe tire ka rufe sau da yawa ka ga ko yana sarƙewa. Sa Blu-ray, ya kamata ya buɗe cikin minti ɗaya ko ƙasa, in yana ta ƙas-ƙas yana juyi yana tsayawa, idon ya gaji. In ya buɗe kar ka tsaya a farkon fim, tsallaka tsakiya, tsallaka kusa da ƙarshe, domin rabin fim na biyu yana hawa na biyu na faifan kuma a can raunin ido ke bayyana. Bar shi ya yi aƙalla minti 15 ya ɗau zafi. Taɓa wayar HDMI a hankali ta baya, in hoto na ɗaukewa ramin ya saki. Gwada kowane maɓalli na rimot.

Hattara: yawancin waɗannan injinan maɓalli biyu ko uku ne a jikinsu, ba rimot ba za ka iya shiga saiti ba. In babu na asali, a nemo wanda ya dace a gwada a gabanka, a kuma rage maka kuɗi. VCD kuma injinan Blu-ray da yawa ba sa karanta shi, in naka ya ƙi kar ka ɗauka lalacewa ce, ka dai ajiye tsohon injin DVD ɗinka dominsu.

Ka nemi rasit mai lambar injin, ku yi magana a kan kwanakin da za ka iya dawo da shi. In ta intanet ne daga Legas ko Kano, a turo bidiyo yana cin Blu-ray ana nuna takardar baya a ɗauka ɗaya ba yankewa.

6. Lissafin kuɗi

Kayan nan da dala ake shigo da su, don haka ka yi lissafi da canjin ranar. A waje sabon na Full HD yana wajen dala 100 ko ƙasa kaɗan, na 4K daga wajen dala 200 zuwa 500 gwargwadon girmansa. Na hannu ya kamata ya sauko sosai ƙasa da haka, in mai Beljiyam ya faɗa maka kuɗin da ya kusa na sabo ka taya rabi ka juya. Sabon faifan 4K kuwa yakan kai dala 25 zuwa 35, ka ga guda goma sun kai kuɗin inji.

Kar ka zuba duk kuɗinka a inji. Ware na wayar HDMI, na kariyar wuta, da na faifan farko. Ni a ganina gara mai Full HD da faifai masu yawa da sitabilaiza, da mai 4K da faifai biyu an soka shi a bango tsirara.

Wayar HDMI: ga Full HD kowace mai rubutun High Speed ta yi. Ga 4K nemi Premium High Speed mai 18Gbps. Mita ɗaya da rabi ko biyu ya isa, doguwar waya mai arha ita ke kawo ɗaukewar hoto. Mai kan zinare mai tsada ba ta ƙara kyan hoto ko kaɗan.

7. Wurin ajiya da wuta

Ajiye shi a shimfiɗe a kan katako mai ƙarfi, da sarari ta baya da gefe. Kar ka ɗora shi a kan dikoda ko amfilifaya, zafinsu na hawowa, ga zafin bazararmu na Maris da Afrilu. Kar ya jingina da babbar sifikar bes, girgiza na sa faifai tsalle. A hunturu rufe shi da ƙyalle in ba a kallo, amma a cire ƙyallen in an kunna. Sannan a yi wa uwargida bayani da lalama, kaskon turaren wuta ya yi nesa da shi, hayaƙin nan mai maiƙo yana kwanciya a kan idon inji a hankali har ya daina gani.

Wuta kuwa kowa ya san halinta, ta hau ta sauka. Mafi ƙaranci ka sa gad ɗin nan mai jinkirta wuta bayan an kawo. Wanda ya fi shi sitabilaiza, mai 1000VA ya ɗauki talabijin da inji, in akwai babbar amfilifaya ka hau 2000VA. In da hali ƙaramin UPS ya fi duka, don ɗaukewar wuta faifai na tsakar juyawa ba ta yi wa inji daɗi. In janareto ne bar shi ya daidaita kafin ka kunna kayan, ka kuma kashe su kafin ka kashe shi.

Hattara: da damina in hadari ya haɗo ana tsawa, zare fulogi, ka zare har wayar dish daga dikoda. Tsawa na bin wannan wayar ta shiga talabijin ta ƙone ramukan HDMI, ta kan kai har injin.

8. Haɗa wayoyi

Kashe komai daga bango tukuna, kar ka soka ko zare HDMI kaya na kunne.

In talabijin kaɗai gare ka, waya ɗaya daga inji zuwa talabijin, ka riƙe lambar ramin, ka zaɓe ta da maɓallin Source ko Input. In kana da doguwar sifikar nan ta ƙasan talabijin, inji ya shiga talabijin, sannan wata waya daga ramin da aka rubuta ARC ko eARC zuwa sifikar. In amfilifaya ce mai HDMI, inji ya shiga cikinta ita kuma ta miƙa wa talabijin. In amfilifayar tsohuwa ce ba ta wuce da 4K, wasu injinan irin su UBP-X700 da DP-UB820 suna da ramin HDMI biyu, ɗaya na hoto zuwa talabijin ɗaya na sauti zalla zuwa gare ta, ka duba rubutun kar ka juya su.

Masu hom tiyata irin tamu ta kasuwa mai wayar ja da fari, sautin daga talabijin za ku ɗauko, ta ramin iyafis ko ramin sauti na baya. In talabijin ɗin ramin Optical kaɗai gare shi, akwai ɗan akwati mai arha da ke juya shi zuwa ja da fari, amma sai ka sa sautin talabijin a PCM in ba haka ba shiru za ka ji ko shuuu.

9. Saitin hoto

A inji, bar Resolution a Auto, 24p ma a Auto, siffar talabijin 16:9. A talabijin, fita daga Vivid ko Dynamic ɗin da ake sawa a shago, koma Cinema ko Movie ko Filmmaker. Da farko za ka ga kamar ya dushe, ba shi kwana biyu idonka zai ga fatar mutane ta dawo daidai. Kashe abin da ke sa motsi ya yi santsi kamar bidiyon biki, LG na kiransa TruMotion, Sony Motionflow, Samsung Auto Motion Plus.

Masu 4K ga inda da yawa ke kwana ba su sani ba: sai ka buɗe wa ramin HDMI ɗin cikakken ƙarfinsa a saitin talabijin. A LG sunansa HDMI Ultra HD Deep Colour, a Samsung Input Signal Plus ko HDMI UHD Color a tsofaffi, a Sony da Hisense Enhanced format. In ba ka kunna ba kana iya shekara kana kallo ba HDR. Masu Sony X700 kuma Dolby Vision da hannu ake kunna shi a kuma kashe shi, ba ya gane faifai da kansa.

Baƙin layi sama da ƙasa ba matsala ba ce, haka aka ɗauki fim ɗin da faɗi, kar ka danna Zoom ka yanke gefe. Tsofaffin fina-finan namu kuma za su zo da baƙi a dama da hagu, bar su haka, in ka ja su kowa zai zama gajere mai faɗi. In HDR ya yi duhu a talabijin mai arha, sauke labule, in bai yi ba kashe HDR ɗin daga inji.

10. Saitin sauti

Ka'idar gajeriya ce. Sauti daga talabijin ko ƙananan sifiku biyu, sa inji a PCM, Downmix a Stereo. Amfilifaya ko sifika mai gane tsarin sauti na Dolby da DTS, sa Bitstream ko Auto. Mai neman Dolby Atmos, sautin nan mai zagaye ɗaki har ta sama, ya kashe Secondary Audio, a wasu Sony sunansa BD Audio MIX, in yana kunne Atmos ba zai fito ba. Wayar Optical tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na talaka ne kawai, manyan irin su TrueHD sai HDMI.

Hattara: in tallan farko na da sauti amma fim na farawa ya yi tsit, faifan DTS ne kuma talabijin ɗinka ba ya gane shi, Samsung da LG na wasu shekaru haka suke. Mayar da inji PCM magana ta ƙare.

In magana na yin ƙasa harbi da kiɗa na tada maƙwabta, kunna DRC ko Night Mode. Kafin ka fita daga saiti shiga Parental Control ka sa lambar sirri, ka rubuta ta a wani wuri. Amma wannan kullen da faifai na asali yake aiki, ba ya hana abin da ke cikin filash, sa idonka shi ne a gaba.

11. Sabunta manhajar inji

Tsohon inji kan ƙi sabon faifai don manhajarsa ta tsufa. Haɗa shi da wayfay na wayarka ko wayar intanet ka shiga Software Update, ko ka sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin a kwamfuta ka zuba a filash, na lambar injinka daidai da yankinsa.

Hattara sosai: in wuta ta ɗauke ana tsakar wannan aikin inji na iya mutuwa gaba ɗaya. Kar ka yi shi da wutar NEPA kai tsaye, yi a kan UPS ko inbata mai cikakken caji, kar kuma ka taɓa komai har ya kashe kansa ya dawo. Bayan nan kashe BD-Live, wato saitin da ke barin faifai ya shiga intanet, cin data ne da jinkiri. YouTube da Netflix na cikin tsofaffin injina da yawa sun daina aiki, kar mai shago ya ƙara maka kuɗi da sunansu.

12. Filash

Yawancinsu na cin MP4 da MKV. In filash ɗin FAT32 ne ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, sai ka mayar da shi NTFS ko exFAT gwargwadon wanda littafin injin ya ce. Fayil mai HEVC ko x265, irin wanda masu turi suka fi ba da wa yanzu don ƙanƙantarsa, galibi sai injin 4K. In kuma kana kallo wajen minti 20 sauti ya ɗauke rubutu ya fito da sunan Cinavia, injin lafiyarsa ƙalau, alamar tsaro ce da ke cikin sautin wasu fina-finai, duk injin Blu-ray daga 2012 yana gane kwafin da ba na asali ba ya yi shiru. Kar ka kai wa mai gyara, ba abin da zai kwance.

13. Kula da faifai, da abin yi in ya ƙi

Riƙe faifai ta baki da ramin tsakiya, a mayar da shi gidansa da an gama, a jera su a tsaye nesa da rana, kar a bar su a mota. Bayanan Blu-ray suna dab da fatar faifan, 0.1mm kacal, na DVD kuwa 0.6mm, shi ya sa shatin yatsa mai maiƙo kaɗai kan tsayar da fim. Goge da ƙyallen tabarau daga tsakiya zuwa baki a miƙe, ba zagaye ba. In maiƙon ya kama, ɗan ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, a bari ya bushe sarai. Dabarar man goge baki da ake yi wa CD kar ka kusanto da ita nan, kankare rufin faifan take yi. Faifan goge ido mai ɗan burushi shi ma bar shi.

In hoto bai zo ba, duba Source, canza rami, canza waya, a wannan jerin. In hoto na ƙyaftawa ko yana ɗigon fari a 4K, waya ce kusan kullum. In ya rubuta maganar Region, faifan ba na yankin injin ba ne, ba gyara. In faifai ɗaya ne ke tsayawa, goge shi, na 100GB sun fi kowanne tsirfa ko ƙura kaɗan ba sa so. In inji ya sandare, zare shi daga wuta minti biyu ka mayar. In duk Blu-ray sun ƙi amma DVD na yi, idon ne, ko datti ko ya mutu. Kai shi wajen mai gyaran da ya saba da su ya fara gogewa da auduga da sifirit, in sai an canza ido ka tambayi kuɗin kayan da na aiki tukuna ka gwada da kuɗin wani na hannu, a ƙananan injina sau da yawa sayen wani ya fi arha. Kuma ka karɓi tsohon idon da aka cire a hannunka, ka gwada da Blu-ray ɗinka a shagon kafin ka biya.